Folda ta nuna babu komai, shin da gaske babu komai? Fashin baƙi kan umarnin ls da dir

Idan mutum ya soka filash a kwamfuta ya buɗe, ya tarar babu takardarsa ko ɗaya, ko ya tarar kowace folda ta rikiɗe ta koma wata alama mai ɗan kibiya a gefe, shin fayilolin sun salwanta ke nan, ko kuwa suna nan an kawar da su ne daga ido? Tambaya ce da ake yawan ji a shagunan buga takardu da wuraren gyaran waya, da kuma bakin ɗaliban da ke yawo da aikin kammala karatunsu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kuma amsar da aka fi ba su ita ce a yi wa filash ɗin fomat kowa ya huta. Sau da yawa wannan shawara ce ke jawo asarar ta gaskiya, domin kafin a yi fomat ɗin fayilolin suna nan daram, kuma umarni guda mai haruffa kaɗan ya isa ya fito da sunayensu duka.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, jerin da taga, wato akwatin da ke bayyana a allo, ke nunawa idan an buɗe folda rahoto ne da wata manhaja ta haɗa, kuma kafin ta miƙo shi ta riga ta yanke hukunci kan abin da za ta nuna da wanda za ta rufe, da yadda za ta jera sunayen, da ɓangaren sunan da za ta gutsure. A layin umarni ma manhaja ce ke kawo rahoton, sai dai a can mutum ne yake tsara tambayar da kansa, har ya ce a nuna masa abin da aka saba rufewa. Umarnin da ke wannan aiki shi ne `ls` a Linux da macOS da Android, `dir` kuma a Windows.

## Layin umarni da ainihin folda

Layin umarni shi ne baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so, a danna Enter, ta mayar da amsa a rubuce. A Windows ana samun sa ta Command Prompt ko PowerShell, a Linux da macOS kuma ta Terminal. Manhajar da ke bayan allon tana karɓar rubutun, wadda ake kira shel, a kullum tana ɗaukar cewa mutum yana tsaye a cikin wata folda, kuma `cd` shi ne umarnin da ke matsar da shi daga wannan zuwa waccan. Idan ya rubuta `ls` ko `dir` shi kaɗai, abin da ke cikin foldar da yake tsaye za a jero masa. Idan ya ƙara adireshi, kamar `dir E:\` ko `ls /home`, sai a jero masa na can ba tare da ya motsa ba.

Ita kuwa folda, duk da hoton jakar takardu da ake zana mata, ba ta ɗauke da fayiloli a cikinta. A tsarin Unix, wanda Linux ya bi sawunsa, folda jerin sunaye ce kawai, kowane suna da lamba a gabansa, lambar kuma tana kai mutum ga wani bayani daban da ake kira `inode`, inda aka rubuta girman fayil, da mai shi, da wanda aka yarje wa ya taɓa shi, da lokacin da aka sauya shi, da wurin da ainihin bayanansa suke a kan faifai. Ya yi kama da ɗakin kati na asibiti: littafin da ke kan tebur suna da lambar kati kawai ya ƙunsa, tarihin majinyaci yana cikin katin da ke kan kanta. A Unix bugu na bakwai, na shekarar 1979, kowane layi a wannan littafi bait 16 ne (bait ma'aunin bayanai ne a kwamfuta, gwargwadon harafi guda), biyu na lamba, 14 na suna, don haka sunan fayil ba ya wuce haruffa 14. Har yau `ls -i` yana nuna waɗannan lambobi.

Sanin wannan yana warware abubuwa da dama da kan ba mutane mamaki. Shi ya sa matsar da babban bidiyo daga wata folda zuwa wata a faifai guda yake faruwa nan take, domin suna kawai aka goge a nan aka rubuta a can, amma kai shi kan filash sai an jira. Shi ya sa kuma `ls` tsura yake da sauri, `ls -l` kuma yakan ja lokaci a foldar da ke da dubban ɗaruruwan fayiloli, saboda na biyun sai ya bi kowane suna ya ɗauko bayaninsa. Tsarin FAT, wanda filash da katin memori da yawa ke amfani da shi, ya ɗan bambanta: a can girman fayil da kwanan watansa da wasu tutoci, wato alamomin da ke faɗin halin fayil, suna cikin layin foldar kanta, mai bait 32. Waɗannan tutoci su ne tushen matsalar da aka buɗe zancen da ita.

## Inda umarnai biyun suka samo asali

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, kuma `ls` yana cikin littafin jagora na farko da aka fitar a watan Nuwamba na 1971. Su ma gadonsa suka yi daga wani tsari da ya gabace su mai suna Multics, wanda Bell Labs ta yi aiki a kansa tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric kafin ta janye. A wancan zamani mutum yana zaune ne gaban na'ura mai kama da tafireta, kwamfuta na buga masa amsa a kan takarda, kuma irin su Teletype Model 33 haruffa goma kawai suke bugawa a daƙiƙa guda. Wanda yake jiran irin wannan na'ura ba ya son surutu, saboda haka `ls` ya taso da rowar magana: sunaye kawai yake bayarwa, babu kanun bayani a sama, babu jimla a ƙasa. Wannan rowa ta zama alheri daga baya, domin ana iya miƙa amsarsa kai tsaye ga wani umarnin, kamar `ls | wc -l` da ke ƙirga yawan abubuwan da ke cikin folda.

Shi `dir` ta wata hanya ya biyo. Yana cikin CP/M, wanda Gary Kildall ya rubuta wa ƙananan kwamfutoci a tsakiyar shekarun 1970, daga nan ya shiga MS-DOS da ya fito tare da kwamfutar IBM a 1981, kuma bai bar Windows ba har yau. Shi mai yawan bayani ne: yana faɗin sunan faifai, ya ba da kwanan wata da girman kowane fayil, ya rufe da jimlar fayiloli da sauran wurin da ya rage. A zamanin DOS suna ba ya wuce haruffa takwas da ƙarin uku bayan ɗigo, sai da Windows 95 ta zo dogayen sunaye suka yaɗu, kuma `dir /x` yana nuna gajerun sunayen da Windows ke ajiyewa a gefe don tsofaffin manhajoji.

A yau sunan `ls` ɗaya ne amma manhajojin da ke amsa shi sun bambanta. Wanda ke yawancin nau'o'in Linux na aikin GNU ne, wani shirin rubuta manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa, wanda Richard Stallman ya sanar a 1983, kuma shi da David MacKenzie ne suka rubuta shi. Na macOS daga zuriyar BSD, wani reshen Unix, ya fito, na Android kuma tun 2015 daga wani tarin ƙananan umarnai ne mai suna Toybox. Ƙa'idar POSIX, wadda ta fara fitowa a 1988, ita ce ta riƙe su kan ginshiƙi guda, amma kowanne yana da nasa ƙari. Wanda ya fi rikita sabon shiga shi ne PowerShell, da Microsoft ta fitar a 2006: a Windows yana karɓar `ls` da `dir` duka, amma laƙabi ne kawai na wani umarni daban mai suna `Get-ChildItem`, don haka `ls -la` da `dir /a` duka kuskure suke bayarwa a cikinsa, sai an rubuta `dir -Force`. Wanda yake son bin misalan `dir` da ke tafe, sai ya fara rubuta `cmd` ya danna Enter.

## Yadda ake karanta layi guda

Ga irin layin da `ls -l` ke fitarwa:

`-rw-r--r-- 1 malam ofis 48213 Mar 14 09:26 sakamako.pdf`

Alamar farko tana faɗin nau'in abin: karan ɗori na nufin fayil ne, `d` na nufin folda, `l` kuma na nufin suna ne da ke nuni zuwa wani wuri. Alamomi tara da ke biye kashi uku ne, na mai fayil, na rukuninsa, da na sauran jama'a, kuma a kowane kashi `r` izinin karantawa ne, `w` na rubutawa, `x` na aiwatarwa. A wannan misali malam yana iya karantawa ya gyara, 'yan ofis da kowa da kowa karantawa kawai za su yi. Lamba 1 tana nufin suna ɗaya ne ke kai wa ga wannan fayil, 48213 girmansa ne a bait, sai lokacin da aka yi masa gyaran ƙarshe, sai suna. Idan gyaran ya haura wata shida, `ls` yana cire ƙarfe nawa ya sa shekara a gurbinsa, abin da kan sa wasu su ɗauka layin ya lalace.

A kan folda waɗannan haruffa suna da wata ma'ana, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Izinin `r` shi ke ba da damar ganin sunayen da ke ciki, `x` kuma shi ke ba da damar shiga a taɓa abin da sunayen ke nuni gare shi. Wanda yake da na farko babu na biyu zai ga sunaye a jere, amma gurbin girma da kwanan wata alamun tambaya ne za su cika shi.

Sauran ƙarin haruffan ba su da wahala. `-h` yana mayar da bait zuwa K da M da G, `-t` yana jerawa bisa lokaci, `-S` bisa girma, `-r` yana juya jerin, `-R` kuma yana nutsawa cikin kowace ƙaramar folda. Ana haɗa su wuri guda, kuma `ls -ltr` ya zama ɗabi'ar masu kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, saboda fayil ɗin da aka taɓa a ƙarshe yana sauka a ƙasa, daidai inda ido yake. A Windows `dir /o:d` yana yin irin wannan, `dir /o:-s` yana sa mafi girma a sama, `dir /s` yana bin ƙananan foldoji, `dir /b` kuma yana ba da sunaye zalla, wanda da `dir /b > jeri.txt` magatakarda zai iya samun jerin takardun ofis gaba ɗaya a fayil guda ba tare da ya kwafe su da hannu ba.

## Hanyoyi biyu na ɓoye fayil

A Linux da macOS da Android, duk sunan da ya fara da ɗigo ba ya fitowa a `ls` sai an ƙara `-a`. Rob Pike, wanda ya yi aiki a Bell Labs tare da waɗanda suka gina Unix, ya bayyana a 2012 cewa a fahimtarsa ba da gangan aka tsara haka ba. Kowace folda tana da layuka biyu na musamman, `.` mai nufin ita kanta da `..` mai nufin wadda ke samanta, kuma don kada su riƙa cika jeri sai aka sa `ls` ya tsallake duk sunan da harafinsa na farko ɗigo ne, maimakon a tantance waɗannan biyun kaɗai. Masu rubuta manhaja suka ga dama ta samu, suka fara ajiye saitunansu a irin waɗannan sunaye, har ya zama al'ada.

Wannan al'ada tana cikin aljihun duk mai wayar Android. Hotuna da bidiyon sitatus da mutum ya kalla a WhatsApp suna sauka ne a wata folda mai suna `.Statuses`, a sababbin wayoyi ƙarƙashin `Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media`, kuma manhajojin da ake saukewa don adana sitatus galibi daga nan suke kwafowa. Haka nan fayil ɗin da babu komai a cikinsa mai suna `.nomedia`, idan ya shiga wata folda, sai hotunan da ke cikinta su daina fitowa a ma'ajiyar hotunan waya, mai wayar ya yi ta salati yana zaton sun goge. Masu gina shafukan intanet ma suna da nasu rabon: alamar tauraro ba ta kama sunan da ya fara da ɗigo, don haka wanda ya kwashe shafinsa da `cp *` zai bar `.htaccess` da `.env` a baya, shafin ya ƙi tashi a sabon wuri alhali a ido komai ya cika.

Windows ba ta duba suna, tuta take dubawa. Kowane fayil yana iya ɗaukar tutar ɓoyewa ko tutar da ke cewa na tsarin kwamfuta ne, kuma bairos ɗin nan da ke yaɗuwa ta filash da su yake aiki. Yana kafa wa foldojin mutum tutocin biyu, sannan ya ƙirƙiro gajerun hanyoyi, alamun nan masu ɗan kibiya a gefe, masu sunaye iri ɗaya da su, waɗanda idan an danna su sai su tayar da bairos ɗin a sabuwar kwamfuta, wani lokaci ma su buɗe foldar ta gaskiya don kada a farga. Ko da mutum ya ce wa taga ta nuna ɓoyayyun fayiloli, waɗanda ke da tutar tsari ba za su fito ba sai ya sauya wani saiti na biyu, kuma ƙarshen suna na `.lnk` da gajerun hanyoyin ke ɗauke da shi taga ba ta nuna shi ko da an ce ta nuna ƙarshen sunaye.

A Command Prompt kuwa lamarin a fili yake. A ce filash ɗin ya fito da harafin E. Idan aka rubuta `dir E:\` za a ga sunaye masu ƙarewa da `.lnk`, kowanne girmansa bai taka kara ya karya ba, amma layin ƙasa zai nuna cewa wurin da ya rage bai kai na filash ɗin da babu komai ba, alamar akwai kaya a ciki. Idan aka rubuta `dir /a E:\` sai foldojin gaskiya su bayyana da alamar `<DIR>` a gabansu. Wasu nau'o'in bairos ɗin suna tattara komai su zuba a folda guda wadda sunanta ya yi kama da fili, don haka layin `<DIR>` da babu suna a gabansa abin dubawa ne. Umarnin `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` yana sauke tutocin, foldojin su dawo gaban ido. Wajibi ne a tabbatar da harafin filash ɗin kafin a danna Enter, kuma a sani cewa wannan bai wanke kwamfutar da ta kamu ba. Idan aka mayar da filash ɗin cikinta, gidan jiya za a koma.

Ɓoye ƙarshen suna ma tsohuwar kafa ce ta cutarwa. Bairos ɗin ILOVEYOU da ya bazu a duniya a watan Mayu na 2000 ya zo ne da fayil mai ƙarewa da `.TXT.vbs`, Windows ta rufe ɓangaren ƙarshe, mutane suka ɗauka wasiƙa ce. Wanda aka turo wa `takarda.pdf.exe` a yau yana cikin irin wannan haɗari, kuma `dir` yana nuna sunan har ƙarshensa. A gefe guda, ba duk ɓoyayyen abu ne mugu ba: `System Volume Information` da `desktop.ini` na Windows ne, `.DS_Store` da sunaye masu farawa da `._` kuma alama ce kawai cewa filash ɗin ya taɓa shiga kwamfutar Apple.

## Abin da jerin ba ya faɗa

Girman da `ls -l` ke bai wa folda, wanda sau da yawa 4096 ne a Linux, girman jerin sunayen ne kawai, ko da bidiyoyin da ke ƙarƙashinta sun kai gigabait hamsin. Mai neman abin da ya cinye masa wuri `du -sh` yake buƙata. Haka kuma filash ɗin da aka rubuta wa 32 GB, Windows ta nuna wajen 29.8, ba lallai an cuci mai saye ba, domin masu ƙera shi da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024.

Kwanan wata ya fi wannan nauyi, saboda mutane kan kafa hujja da shi. Abin da umarnai biyun ke nunawa idan ba a ce komai ba shi ne lokacin gyaran ƙarshe. Fayil ɗin da aka kwafa a Windows yana riƙe wannan lokaci amma ya samu sabon lokacin ƙirƙira, wanda `dir /t:c` ke nunawa, har a ga takarda an gyara ta kafin a ƙirƙire ta. Agogon kwamfutar da batirinsa ya mutu yana buga kwanan wata na ƙarya, umarnin `touch` kuma yana sauya shi zuwa duk ranar da aka ga dama. A ganina bai kamata malami ko shugaban ma'aikata ya hukunta wani bisa wannan kwanan wata shi kaɗai ba.

Fayil ɗin da aka goge da gaske ba zai fito a kowane jeri ba. A FAT, gogewa tana sauya bait na farko na sunan ne ta saki wurin, bayanan kuma suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, shi ya sa manhajoji irin su PhotoRec kan iya ceto su. Sharaɗin shi ne a daina zuba sabon kaya a filash ɗin nan take.

## Sunayen Hausa a baƙin allo

Mai sa wa fayilolinsa sunayen Hausa yana gamuwa da abu biyu. Na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8, wanda Thompson da Pike suka tsara a 1992, `ƙ` da `ɗ` da `ɓ` kowanne bait biyu yake ci, kuma idan saitin harshe na kwamfutar shi ne na asali da ake kira C, `ls` yana jera sunaye bisa lambobin bait, manyan haruffa su zo gaba, ƙanana su biyo, `ƙasa.txt` kuma ya koma bayan `zuma.txt`, wani lokaci ma harafin ya fito a matsayin lambobi ko alamar tambaya. Da saitin harshe mai UTF-8, ciki har da `ha_NG` da ke cikin ɗakin karatun manhajoji na GNU, sai `ƙ` ya dawo kusa da `k` kamar yadda mai karatu ke tsammani. A Command Prompt haruffan kan lalace idan an juya amsar `dir` zuwa fayil, sai an fara rubuta `chcp 65001`.

Na biyu shi ne alamar hamza da ke cikin kalmomi irin su ma'aikata da jama'a da 'yan makaranta. A wurin shel na Linux wannan alama buɗe zance ce, don haka wanda ya rubuta `ls ma'aikata` zai ga kwamfuta ta yi shiru ta sauko layi tana jiran ya rufe zancen. Ba ta daskare ba. Sai ya danna Ctrl da C, ya sake rubutawa kamar haka: `ls "ma'aikata"`.

## Inda masana suka saɓa

Wannan batu na sunaye shi ne ya haifar da cece-kuce a watan Janairu na 2016, lokacin da bugu na 8.25 na umarnan GNU ya sa `ls` ya fara kewaye duk sunan da ke da fili ko wata alama ta musamman da alamar zance, `aikin gida.docx` ya koma `'aikin gida.docx'` a allo. Masu adawa suka ce an sauya musu abin da idonsu ya saba da shi shekaru aru-aru ba tare da shawara ba, kuma sabon shiga zai zaci alamar tana cikin sunan. Masu goyon baya suka ce yanzu ana ganin inda suna ya fara da inda ya ƙare, kuma ana iya kwafo shi a liƙa a wani umarnin ba tare da ya tsage biyu ba. Sauyin allo kawai ya shafa, ba ya bin amsar idan an miƙa ta ga wani umarni, kuma `ls -N` yana mayar da tsohon yayi. Ga mai rubuta sunaye da hamza, ina ganin sauyin ya yi masa rana, tunda `ls` da kansa yake nuna masa yadda zai rubuta sunan shel ya karɓa.

Akwai kuma tsohuwar nasihar da ƙwararru ke yi cewa kada a gina aikin da kwamfuta za ta riƙa yi da kanta a kan amsar `ls`. Dalilinsu shi ne, a Unix sunan fayil yana iya ɗaukar kowace alama in ban da `/` da bait ɗin sifili, har da saukar layi, saboda haka suna ɗaya yana iya bayyana kamar biyu, kuma idan umarnin da ke biye na gogewa ne, ɓarnar ba ta da magani. Sun fi son a yi amfani da `find`. Wasu suna ganin tsananin ya yi yawa ga wanda ya san sunayen fayilolinsa, kuma suna da gaskiya muddin shi kaɗai ne ke sa sunayen.

Wani saɓanin shi ne na Ubuntu, wani nau'in Linux. A bugu na 25.10, na watan Oktoba 2025, kamfanin Canonical ya maye gurbin umarnan GNU na yau da kullum, har da `ls`, da wasu da aka sake rubutawa da harshen rubuta manhaja mai suna Rust a ƙarƙashin aikin uutils. Hujjarsu ita ce Rust yana toshe wani rukunin kurakuran ƙwaƙwalwar kwamfuta da harshen C ke bari su wuce. Masu ɗari-ɗari suna cewa umarnan GNU sun sha gwaji na shekaru masu yawa, kuma ɗan bambanci kaɗan a amsa yana iya karya ayyukan da aka gina a kansu. Wasu kuma lasisin ne ya dame su, domin na GNU yana tilasta wa duk wanda ya gyara ya rarraba ya buɗe gyaransa, na uutils kuma bai tilasta ba. Mai duba foldarsa kawai da wuya ya ga bambanci, amma mai kula da sabar makaranta ko ta kamfani ya kamata ya gwada ayyukansa kafin ya sabunta.

## Duba kafin gogewa

Jero abin da ke cikin folda ba ya goge komai kuma ba ya sauya abin da ke cikin fayil, don haka wanda bai taɓa buɗe baƙin allo ba zai iya gwada `ls` da `dir` hankali kwance. Maƙwabtansu ne ke da kaifi: `rm` da `del` ba sa bi ta kwandon shara, abin da suka ɗauke ya tafi. Saboda haka masu aikin suke gwada tauraronsu da umarnin jerawa tukuna. A Linux shel ne yake fassara tauraron kafin umarni ya gan shi, don haka sunayen da `ls -d *.tmp` ya nuna su ne daidai waɗanda `rm *.tmp` zai karɓa. A Command Prompt gwajin ya fi zama dole, saboda gajerun sunayen zamanin DOS suna iya shiga lissafi: a faifan da ke ajiye su, `dir *.htm` yana fito da fayilolin `.html` ma, kuma `del *.htm` zai tafi da su gaba ɗaya.